Gashi da Sauti: Yadda Masana Suka Koyi Inda Za Su Tsaya

A shekarar 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin teku sun hana jiragen kayan Birtaniya da Faransa sakat. A sansanin sojan ruwa na Toulon, a kudancin Faransa, wani masanin kimiyya mai suna Paul Langevin yana ta fama da wata na'ura da za ta harba sauti cikin ruwa, sautin ya daki jirgin abokan gaba ya dawo da labarin inda yake. Ba magani ya fito nema ba. Amma waɗanda suka tsaya a bakin tankin gwajinsa sun ga abin da bai shiga lissafin soja ba. Ƙananan kifayen da suka gitta ta hanyar sautin sai su birkice, ciki sama, su mutu nan take. Wanda ya yi karambanin tsoma hannu kuwa sai ya fizge shi babu shiri, saboda wani raɗaɗi mai tasowa daga can cikin ƙashi. Ruwan bai yi zafi ba, kunne kuma bai ji komai ba.

Wannan sautin shi ne altirasawun na asibiti. Kunnen ɗan Adam yana jin girgizar da ba ta wuce 20,000 a sakan ɗaya ba, abin da ya haura nan ya ɓace masa. Na'urorin da ake gasa jiki da su a yau suna girgiza sau miliyan 1 zuwa miliyan 3 a sakan, wato megahaz 1 zuwa 3. Yawancin mutane ta hoton ciki da ake yi wa masu juna biyu suka san shi, har suna zaton gashin ne ya biyo baya. Gashin ne yaya. An shekara ashirin ana gasa marasa lafiya da sauti kafin Ian Donald na Glasgow ya wallafa sakamakon hotunan cikin da ya ɗauka, a 1958.

Duk tsawon wannan tarihi tambayoyi biyu ake bi. Nawa ne zai cutar? Nawa ne zai warkar? Ta farko an amsa ta da wuri, domin jiki ba ya ɓoye ƙuna. Ta biyun ce har gobe ake ja-in-ja a kanta.

Tushen na'urar ya girmi Langevin. A 1880 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa in aka matse wasu duwatsu masu ƙyalli irin su kwaz, wutar lantarki tana bayyana a jikinsu. Shekara guda bayan haka suka tabbatar da cewa abin yana juyawa: a sa wa dutsen wuta, ya motsa. In wutar tana kai da komo da sauri, dutsen sai ya yi ta karkarwa daidai da saurinta. Langevin ɗalibin Pierre ne, don haka bai yi nisan nema ba. Kan na'urar da likitan fisiyo ke riƙewa a yau wani tangaran na musamman ne a cikinsa maimakon kwaz, amma dabarar ba ta sake ba.

Cikin waɗanda suka ga kifayen Toulon da idonsu akwai wani Ba'amurke, Robert Wood na Jami'ar Johns Hopkins. Abin bai fita ransa ba. Bayan yaƙi ya haɗa gwiwa da Alfred Loomis, attajirin kasuwar hannun jari ta New York, wanda ke tara dukiya da rana, dare da ƙarshen mako kuma ya ba kimiyya. Loomis ya buɗe ɗakin gwaji da kuɗin aljihunsa a unguwar masu hali ta Tuxedo Park, suka nutsa faifan kwaz a cikin mai, suka danna masa wuta ta dubban bolt. Man ya tashi ya yi tudu a tsakiya, yana feshi. Suka sa ƙananan kifi da kwaɗi, suka mutu cikin 'yan mintuna. Jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe. Ruwa da mai, da ba sa haɗuwa, suka gauraya. A 1927 suka wallafa abin da suka gani, takardar kuma ta zama mafarin duk wani bincike kan abin da sauti ke yi wa jiki mai rai.

Akwai wani ɗan abu a cikin takardar da ya fi mutuwar kwaɗin amfani ga masu gashi. In suka tsoma siririn sandan gilas a cikin man suka riƙe ɗaya bakin, sai ya ƙone musu fatar yatsu. Ko ma'aunin zafi suka tsoma, ma'aunin yana nuna man bai yi wani zafi ba, amma yatsun da ke riƙe da shi ba sa iya daurewa. Zafin ba a cikin man yake taruwa ba. Yana taruwa ne a inda sautin ya bar abu ɗaya zai shiga wani, a kan iyaka. Wannan shi ne halinsa a cikin jikin mutum ma, sai dai an ɗauki shekaru kafin likitoci su fahimci abin da hakan ke nufi.

Jamusawa ne suka fara kai shi gadon asibiti. A 1938, a Asibitin Martin Luther da ke Berlin, wani masanin kimiyya mai suna Reimar Pohlman da likitocin da ke aiki tare da shi suka gasa masu ciwon jijiyar nan da ke tasowa daga ƙugu ta bi bayan cinya ta sauka ƙafa. Girgiza 800,000 a sakan suka yi amfani da ita, suka kuma wallafa sakamakon a 1939. Pohlman ya san abin da yake riƙe da shi, shi ya sa ya gindaya sharuɗɗa tun ranar farko: kada ƙarfin ya wuce wat 5 a kan kowane murabba'in santimita na fuskar na'ura, kada kan na'urar ya tsaya wuri ɗaya, kuma a kauce wa ƙashi. Abin mamaki shi ne yadda waɗannan sharuɗɗa suka yi ƙarko. An rage wat 5 ɗin zuwa 3, an yi wa na ƙashi gyaran fuska, amma ɗalibin fisiyo na yau in ya karanta su zai ga darasinsa ne na aji.

Sai kasuwa ta buɗe. Kamfanin Siemens da ke Erlangen da wasu irinsa suka shiga ƙera na'urori, likitoci kuma suka shiga gwada su a kan duk abin da ya shigo ɗakinsu. Ciwon gaɓoɓi, gyambon ciki, asma, ƙyasbi, basir, maƙoƙo, tundurmi, har da ciwon ƙirji na zuciya, babu wanda ba a dora wa kan na'ura ba a shekarun 1940. A 1944 wani likita mai suna Horvath ya ba da rahoton cewa ya narkar da ciwon daji na fata da sauti, wasu suka bi sahunsa. Rahotannin da suka biyo baya ba su yi daɗin ji ba: a wasu marasa lafiyar ƙarin bai ko gezau ba, a wasu kuma ana zargin gashin ya ƙara masa gudu. A watan Mayun 1949 masu wannan fanni suka yi babban taro a Erlangen, suka tashi da matsaya cewa sauti bai dace da maganin ciwon daji ba, a daina. Wannan ne haramci na farko da sana'ar ta ɗora wa kanta, kuma yana nan har yau a saman jerin kowane littafin fisiyo.

Wanda ya mai da gashin abin lissafi shi ne Justus Lehmann, Bajamushen likita da ya ƙaura zuwa asibitin Mayo na Amurka a farkon shekarun 1950, daga baya ya shugabanci sashen farfaɗo da gaɓoɓi a Jami'ar Washington da ke Seattle. Shi ba ya yarda da "mara lafiya ya ce ya ji sauƙi". Allurai masu auna zafi yake sokawa a cikin tsoka da gaɓa, ya kunna na'ura, ya rubuta lamba. A ƙugun aladu ya nuna cewa sauti yana ɗumama gaɓar da ke can ciki, wadda jakar ruwan zafi ko fitilar gashi ba sa ko kusantarta. Ya kuma tsaya a kan cewa amfanin zafi yana tsakanin digiri 40 da 45 ne. Ƙasa da haka ba a yi komai ba, sama da haka an fara dafa nama. Jikin mutum yana kan digiri 37. Ke nan tazarar da ke tsakanin ɓata lokaci da ɓarna ba ta kai digiri goma ba.

Binciken wannan zamani ya nuna cewa sassan jiki ba ɗaya suke shan sauti ba. Jini da kitse sai ya ratsa su ya wuce. Tsoka tana sha daidai gwargwado. Jijiyoyi masu tauri irin agara, da jakar da ke riƙe gaɓa, da tabon tsohon rauni, suna sha sosai, dalilin da ya sa su aka fi gasawa. Ƙashi kuwa ya fi kowa. A fuskarsa sautin ke cin karo, wani ya koma baya, wani ya zama zafi nan take, kuma a daidai wannan wuri akwai wani siririn tantani mai lulluɓe da ƙashi wanda yake cike da jijiyoyin jin ciwo. Shi ne ke fara kuka. Mara lafiya zai ji wani ciwo mai nauyi, mai zurfi, wanda bai yi kama da ƙunar fata ba. Masu sana'ar suka mai da wannan ciwo ƙararrawa: da an ji shi, a rage ƙarfi ko a ɗaga na'ura.

Ma'anar wannan tana da girma. Mai gashi ba ya ganin cikin jiki, ba shi kuma da allurar Lehmann. Bakin mara lafiya ne ma'auninsa. Shi ya sa ƙwararre ba zai kunna na'ura ba sai ya gwada ko wurin yana jin zafi da sanyi, sau da yawa da kwalabe biyu, ɗaya ruwan ɗumi ɗaya na sanyi. Wanda ciwon suga ya kashe wa jijiyoyin ƙafa, da wanda kuturta ta taɓa, da mai shanyewar ɓarin jiki da ba ya jin taɓawa ko ba ya iya magana, duk ƙararrawarsu a kashe take, ba a yi musu gashi mai zafi a wurin.

Sana'ar fisiyo ta shigo Najeriya a 1945, lokacin da aka kawo ƙwararru biyu daga Birtaniya zuwa asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara karatun digiri a fannin a 1966, yau kuma ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano. A sashen gashi na manyan asibitocinmu wannan ƙa'ida ta dogaro da bakin mara lafiya tana gamuwa da wani hali namu da littattafan Turai ba su yi lissafi da shi ba. Wanda ya tashi yana ganin ana gasa targaɗe da tsumma da tafasasshen ruwa, a wurinsa zafi shi ne shaidar magani yana aiki. Ga dauriya, ga kunyar a ce dattijo ya yi raki a gaban ɗan cikinsa. Don haka bai isa ma'aikaci ya ce "in ka ji zafi ka faɗa" ya yi shiru ba. Sai ya fito fili: "Baba, ɗumi-ɗumi kawai ake so. In ka ji ya soke ka a ƙashi, kada ka daure, ka gaya mini nan take." A wannan ɗaki mai dauriya shi ya fi kowa kusa da rauni.

Sharaɗin Pohlman na biyu, wato kada hannu ya tsaya, kowa ya ɗauke shi a kan batun zafi ne, kamar dutsen guga da in aka bar shi wuri ɗaya zai ci riga. Hakan gaskiya ne, amma da saura. A 1971 Mary Dyson ta Asibitin Guy da ke Landan, tare da abokan aikinta, suka haska sauti a kan jijiyoyin jinin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, suna kallo ta madubin ƙara girma. Sai suka ga jajayen ƙwayoyin jinin sun daina tafiya, sun jeru layi-layi da tazara daidai wa daida, ruwan jinin yana wucewa ya bar su. Abin da ya faru shi ne sautin da ke shiga ya haɗu da wanda ke dawowa, suka kafa igiyar da ba ta gaba ba ta baya, ita kuma ta tattara ƙwayoyin a wurare ƙayyadaddu. In aka kashe na'ura jinin yakan ci gaba da gudu, amma wani lokaci bangon jijiyar ya riga ya sami rauni. Motsa kan na'ura yana hana wannan igiya kafuwa. Shi ya sa ko a ƙaramin ƙarfin da ba ya ɗumama komai, ana ci gaba da zagayawa a hankali, kimanin santimita 4 a sakan.

Dyson ce kuma ta buɗe wata ƙofa dabam. Tun 1968 ta nuna cewa raunin da aka yi a kunnen zomo ya fi saurin cikowa in ana ba shi sauti kaɗan a tsittsinke, ba tare da wani ɗumi ba. Daga nan sana'ar ta rabu gida biyu. Amurkawa suka fi karkata ga gashi mai zafi, sauti a miƙe ba yankewa, wat 1 zuwa 2, don sassauta gaɓar da ta ƙage. Turawan Ingila suka fi son ɗan kaɗan: ga sabon rauni, wat 0.1 zuwa 0.3, na'ura ta yi aiki kashi ɗaya ta huta kashi huɗu. Tim Watson na Jami'ar Hertfordshire ya sauƙaƙa wa ɗalibai lissafin lokacin. Kowane wuri mai faɗin kan na'ura yana bukatar minti ɗaya na sauti tsantsa. In raunin ya kai faɗin kai biyu, na'urar kuma kashi ɗaya cikin biyar kawai take aiki, minti 10 ke nan.

Jerin wuraren da ba a kai na'ura ya taru ne sannu a hankali, kuma ba duka ke da hujja iri ɗaya ba. Na ido dalilinsa a fili yake: ƙwayar da ke tace haske ba ta da jijiyoyin jini da za su kwashe zafi, in ta ɗumama sai yana ta biyo. Na 'ya'yan maraina ma an gani a aikace, domin a shekarun 1970 Mostafa Fahim na Jami'ar Missouri ya rage wa dabbobi ƙwayoyin haihuwa da sauti, har yana fatan ya zama hanyar tsarin iyali ga maza. Na bakin ƙashin yara, inda tsawo ke ƙaruwa, ya samo asali daga gwaje-gwajen dabbobi na shekarun 1950 da aka yi da ƙarfi mai yawa. Haramcin Erlangen kuwa ya sami ƙarin goyon baya a 1995, lokacin da aka gasa ƙarin daji a jikin ɓeraye aka ga ya fi na waɗanda ba a gasa ba girma. Amma ciki da ƙugu da bayan mai juna biyu, da ƙafar da jini ya daskare a jijiyarta, da ƙirjin mai na'urar daidaita bugun zuciya, da wurin da aka cire ƙashin baya laka ta rage ba murfi, waɗannan babu mai hankalin da zai gwada su a kan mutum don ya ga abin da zai faru. Lokacin da wasu masana uku a Kanada, Houghton da Nussbaum da Hoens, suka tace dukkan jerin a 2010, sun tarar da yawa daga cikinsa a kan taka-tsantsan da ra'ayin ƙwararru ya tsaya. Wannan ba aibi ba ne. Gashin ciwon gwiwar hannu bai kai a sa ɗan tayi a caca ba.

Wani tsoron kuma bincike ya rage shi. An daɗe da sanin cewa gashin lantarki mai gajeren zango yana ɗumama ƙarfen da aka dasa a ƙashi har ya ƙona naman da ke kewaye. Gwaje-gwajen Lehmann da na wasu a ƙarshen shekarun 1950 sun nuna sauti ba ya yin haka, muddin hannu na tafiya. Roba da simintin da ake kafa gaɓar roba da shi su ne ake kaffa-kaffa da su.

Duk wannan lissafi an gina shi ne a kan zaton cewa lambar da ke fuskar na'ura gaskiya take faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya sun tsaya a kan wat 3 a matsayin iyaka, Amurka kuma a 1979 ta wajabta wa masu ƙerawa cewa abin da na'ura ke fitarwa kada ya kauce wa abin da ta nuna da fiye da kashi 20 cikin 100. Matsala ta farko ita ce lambar matsakaici ce. Sautin ba ya fita daidai a duk faɗin kan na'ura, akwai wasu ɗigo-ɗigo da ƙarfin yake ninka matsakaicin sau 5 ko 6. Mai gashi ya sa wat 1.5, wani ɗan wuri a cikin nama yana karɓar wat 9. In hannu na yawo, wannan ɗigon yana yawo da shi, babu inda ya daɗe.

Matsala ta biyu ta fi muni. A farkon shekarun 1990 Stephen Pye da abokin aikinsa suka bi asibitocin yankin Lothian na Sikotlan suna auna na'urori 85 da ake aiki da su kullum. Kashi 69 cikin 100 sun kauce wa abin da ya kamata su fitar da fiye da kashi 30. A 2002 aka yi irin wannan a Amurka da na'urori 83, kashi 39 suka faɗi. Wasu suna ba da fiye da abin da aka nema, wasu kusan ba sa ba da komai, fitilarsu kuwa tana ci, agogonsu yana tafiya. Tangaran ɗin kan yana tsufa, yana ɓamɓarowa daga mazauninsa in ya sha faɗuwa, yana kuma lalacewa in aka kunna shi a iska. Iska ita ce babbar abokiyar gabar wannan sauti: fiye da kashi 99 cikin 100 nasa yana komawa baya in ya tarar da ita, shi ya sa ake malala man nan mai yauƙi a fata, ko a tsoma hannu ko idon sawu a cikin ruwa a yi gashin a ciki, ana share kumfar da ta maƙale. Maganin na'ura mai ƙarya sananne ne, wani sikeli ne da ke auna yadda sautin ke tura abu a cikin ruwa, kuma ana so a kai kowace na'ura kansa aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ya sayi 'yar gwanjo da ba a taɓa aunawa ba, ko ya yi odar ta hannu a intanet don gasa kansa a gida, ba shi da hanyar sanin wane rukuni tasa ta faɗa.

A 1995 David Draper na Jami'ar Brigham Young ya maimaita aikin Lehmann a kan mutane, ya soka allurar auna zafi a sha-raɓar masu sa kai. Lambobinsa sun kunyata al'adar da aka saba. A megahaz 1, wanda ke kaiwa zurfin santimita 5, wat 1 yana ƙara wa tsoka kimanin digiri 0.2 ne kacal a minti. A megahaz 3, wanda ke ƙarewa a santimita biyu da rabi na sama, ƙarin ya ninka sau uku. Ana bukatar ƙarin digiri 4 kafin jijiya ta yi laushin da za a miƙe ta. Ke nan gashin minti 5 da aka saba yi a megahaz 1 digiri ɗaya yake ƙarawa, kuma wannan in wurin bai wuce faɗin kai biyu ba. Mai zagaye dukan gadon baya da ɗan kai ɗaya, mai kawai yake shafawa. Draper ya kuma nuna cewa laushin ba ya jira, cikin kimanin minti 3 ya fara gushewa, don haka miƙewar sai ta zo tare da gashin ko nan take bayansa.

To, yana warkarwa? A Landan, a 1986, Hashish da Harvey da Harris suka gwada shi a kan mutanen da aka cire wa turamen ƙuryar baki, waɗanda kumatunsu ke kumbura bayan aiki. Wasu aka gasa su da gaske, wasu aka shafa musu na'urar da aka kashe ba su sani ba. Kumburin waɗanda aka yi wa na bogi ya sauka sosai, kusan daidai da na gaske, kuma a cikin na gasken mafi ƙarancin ƙarfi ya fi mafi yawa amfani. A 2001 Robertson da Baker suka tace gwaje-gwaje 35, suka sami 10 kawai masu inganci, a 8 daga cikinsu na'ura mai aiki ba ta fi matacciya ba. Ɗaya daga biyun da suka tsira shi ne na Ebenbichler a Biyana ta Ostiriya, a 1999, kan masu ciwon kafaɗa da alli ya taru musu a jijiya. Abin lura a nan shi ne yawan abin da ya bayar: wat 2.5 a tsittsinke, minti 15, zama 24. Allin ya narke ko ya ragu a da yawa daga cikinsu. Masu kare gashin suna cewa ga shi nan, yawancin gwaje-gwajen da suka faɗi ɗan tsirit suka bayar, da na'urorin da ba a auna ba. Masu suka suna cewa shekara tamanin ta isa a ce an gano adadin. Hukumar NICE mai tsara jiyya a Ingila ta yanke nata hukuncin a 2016 game da ciwon baya: kada a yi.

A shekarar ne kuma wani reshe na sana'ar ya sha kaye. Tun 1983 Luiz Duarte na Birazil ya ba da rahoton cewa sauti ɗan mitsitsi yana gaggauta ɗorin karaya, aka ƙera na'urar da ke ba da kashi 3 cikin 100 na wat ɗaya, minti 20 kullum, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1994. Da aka gwada ta a kan mutum 501 da aka yi wa aikin karayar ƙwauri, ba su riga waɗanda aka ba na bogi warkewa ba.

Inda sauti ya yi nasarar da ba a gardama a kanta shi ne can ɗaya ƙarshen, inda ɓarnar ce ake nema da gangan. Tun 1942 John Lynn da abokansa a New York suka nuna ana iya tattara shi a ɗigo ɗaya a cikin nama, ya ƙona wurin ya bar abin da ke sama da shi lafiya. A shekarun 1950 'yan'uwa William da Francis Fry na Jami'ar Illinois, tare da likitan ƙwaƙwalwa Russell Meyers na Iowa, suka yi wa masu cutar Parkinson aiki da shi, sai dai dole su cire wani yanki na ƙoƙon kai tukuna, domin ƙashi ya tare hanya. A 2004 Amurka ta amince da ƙona ƙarin mahaifa ta wannan hanya, a 2016 kuma da maganin wata cutar karkarwar hannu, ba tare da an tsaga kai ba. Ƙarfin da ke taruwa a ɗigon ya ninka iyakar ɗakin fisiyo sau ɗaruruwa.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne a nan ana ganin zafin. Mara lafiya yana kwance a cikin na'urar hoton MRI, wadda ke nuna yawan ɗumin kowane ɗan yanki na ƙwaƙwalwa yayin da ake aiki. An aske masa kai, an kifa masa kwalkwali mai bakunan sauti 1,024, ruwan sanyi yana zagaya fatar kansa don kada ƙoƙon ya ɗau zafi. Likitoci suna farawa da ɗumi kaɗan don su tabbatar ɗigon ya faɗa inda suka nufa, su ƙara kaɗan su duba ko karkarwar ta lafa, ko leɓe ko yatsa ya fara mutuwa, in haka ne su gusa. Ba a sa shi barci ba. Tsakanin harbi da harbi ana ba shi alƙalami ya zana da'ira, a hannunsa kuma akwai maɓallin da zai tsayar da na'urar da kansa. Sai komai ya daidaita sannan a kai wurin digiri 55 zuwa 60 na 'yan sakanni.